Direban da Matarsa Ta Rubuta Cikin Matattu

Duk ƙauyenmu na Vartopi babu wanda ya kai Tudose zuwa gidajen zuhudu, inda masu ibadar coci ke keɓe kansu daga duniya, babu kuma wanda ya kai shi rashin sanin abin da ke cikinsu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas ɗin masu ziyara. Duk Asabar zai loda tsofaffin mata da jakunkunansu da kwalaben ɗebo ruwan albarka, ya haura da su duwatsun Moldova, ya sauke su a ƙofa, shi kuma ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula. Tambaye shi wane gida ne ke da rami a bakin ƙofa, ko wanne ne wurin juya motarsa ya yi ƙunci, yanzu zai karanto maka ba gargada. Ka tambaye shi launin bangon ciki, sai ya ce shi direba ne, ba mai fenti ba.

Matarsa Frusina ita ce mai ibadar gidan, ta yi nata ta yi nasa. Shekararsu arba'in da ɗaya tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Kullum suna faɗa, a kan gishiri, a kan takalmin da ya shigo da laka, a kan wanda ya bar ƙofar kaji a buɗe, amma ba a taɓa ganin ɗayansu ya ci tuwon masara ba tare da ɗayan ba. Bayan ya yi ritaya ta bi bas ɗin wani direba zuwa gidajen zuhudu huɗu, ta dawo da kwalabe cike, ta kwanta. Ashe ciwo ta daɗe tana ɓoyewa. Wata biyu bai cika ba aka binne ta.

Ranar sadakar arba'in ne abin ya fashe. An gama addu'a, ana raba dafaffiyar alkama da zuma a ƙofar coci, sai maƙwabciyarsu Aglaia ta ja shi gefe. Ita Aglaia, in ta riƙe magana kwana arba'in, to ku sani ta kusa shaƙe ta.

"Maƙwabci, ni fa ba na son tsegumi."

"Na sani, tun muna yara kike faɗa."

"Ka daina yi min baƙar magana, taimakonka zan yi. Wannan ziyarar ta ƙarshe ai tare muka je da marigayiya. A duk gidan da muka tsaya ta miƙa takardar sunaye. Na leƙa ta kafaɗarta. Hannunta ya rufe saura, amma na ga na ƙasa da idona." Ta tsaya ta cusa cokalin alkama a baki, ta tauna a hankali don ta ja masa rai. "Sunanka ne. A takarda mai gicciye."

Kowa a nan ya san takardun biyu ne: ta masu rai, da ta matattu mai gicciye a sama. Ka rubuta sunayen naka ka miƙa tare da kyandir, 'yan zuhudu su riƙa ambatonsu a addu'a. Kowa kuma ya san ɗaya maganar: in kana so mutum ya bushe a tsaye, rubuta shi da ransa ƙarƙashin gicciye. Fadan cocinmu ya yi wa'azi har ya gaji, ya ce camfi ne kuma zunubi ne, kuma wa'azin nan nasa ne ya koya wa rabin ƙauye yadda ake yi.

"Ƙarya kike yi," in ji Tudose.

"Na addu'ar shekara bakwai ta ba da, ba na kwana arba'in ba. Gida huɗu! Ni dai ban ce komai ba. Amma ka dubi madubi kwanan nan? Wuyanka duk ya fito."

Tudose ya koma gida ya dubi madubi. Wuya kam ya fito. Mutumin da tun rasuwar matarsa burodi da albasa kawai yake ci, ina wuya ba zai fito ba? Amma wa zai gaya masa? Tsoro ya kama shi, bayan tsoron kuma wani abu da ya fi tsoro ciwo. Frusina ce za ta yi masa haka? Ya zauna yana lissafo laifuffukansa. Ya taɓa manta ta a gidan mai, sai da ya yi tafiyar rabin awa fasinjoji suka tambaye shi ina matarsa. Ya sayar da akuyarta bai gaya mata ba. Sai babban: wata rana, shekara talatin da suka wuce, cikin fushi ya kira ta juya. Sau ɗaya tak. Ta ci gaba da yankan kabeji, kuma bai taɓa ba ta haƙuri ba. Ya ce a ransa, shi ke nan, wannan ce ta riƙe har kabari.

Washegari ya ɗauki jaka ya tayar da tsohuwar motarsa. Abu ɗaya ya sa a gaba: a cire sunansa daga cikin matattu, gida huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, kafin ya ƙarasa bushewa.

Gida na farko na bakin kogi ne. Ya ajiye mota daidai inda ya saba ajiye bas, ya tsaya a ƙofa ya daɗe kamar baƙon da ba a gayyata ba, sannan ya shiga. Ƙamshin turare ya buge shi. Ya ɗaga kai ya ga fuskokin waliyyai jere a bango har rufi, duk suna kallonsa, babu mai murmushi. Ya cire hula ya rasa inda zai sa ta.

A teburin kyandir akwai wani ɗan zuhudu mai gemu har ciki, Fada Gherasim, yana ɗaure kyandirori goma-goma.

"Fada, a sa albarka. An rubuta ni cikin matattu."

"Allah ya jiƙan ka," in ji Fada, bai ɗago ba.

"Ai ban mutu ba!"

Fada Gherasim ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa, kamar mai son tabbatarwa. "To madalla. Sunan?"

"Tudose."

Fada ya shige ciki, can inda ba a yarda ɗan gari ya taka ba. Ya daɗe, ya fito yana kaɗa kai. "An riga an kwafe takardun cikin babban littafi. Tudose tara ne a ciki. Wanne ne kai?"

"Tudose Munteanu, na Vartopi."

"Ɗana, mu ba ma rubuta sunan dangi ko na gari. Sunan baftisma kaɗai. Allah ya san sauran."

"To a goge ɗaya mana, kowanne."

"Kai! In goge bawan Allah da ya mutu da gaske, yana can yana jiran addu'a, iyalinsa sun saki jiki? Ka ga alhakin da kake so in ɗauka?"

"To a goge duka tara, masu su su zo su sake rubutawa."

"Kisan kai kenan sau takwas," in ji Fada, ya koma ɗaurin kyandir. "Ka je gidan kan dutse, wajen Fada Pahomie. Shi ne mai warware irin wannan."

Tudose ya fito yana huci. A ƙofa ya tarar da wani matashin direba yana fama da juya bas, ya tsaya ya nuna masa yadda ake yi, don ba ya iya ganin ɓarna ya wuce.

Gidan kan dutse dama yana cikin huɗun. Fada Pahomie ya haura tamanin, yana zaune a wata bukkar katako sama da gidan, mutane na bin layi daga safe don ya ce musu kalma biyu. Tudose ya bi layi tsakanin wata mai neman miji ga 'yarta da wani da ƙudan zumarsa suka gudu. Da aka zo kansa ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya zayyana komai.

Tsohon ya saurara idonsa a rufe. Da ya buɗe su sai ga hawaye.

"Gida huɗu?"

"Huɗu, Fada."

"Shekara bakwai?"

"Haka aka ce."

"Ikon Allah! Ni shekara sittin nake kan dutsen nan ina neman in mutu ga duniya, har yau in na ji ƙamshin soyayyen kifi raina yakan tashi. Kai ko azumi ɗaya ba ka yi ba, an kawo maka har gida a kyauta, kana kuma ƙorafi. Ana yi maka addu'ar gafara safe da yamma. Ka san mutum nawa ne a layin nan za su so haka?"

"Fada, bushewa nake yi. Dubi wuyana."

"Nawa fa? Dubi nawa." Ya ja gemu gefe ya nuna wuya kamar na tsohon zakara. "Wa ya rubuta ni? Ba kowa."

"To littafin nan gidan fa, a duba min."

"Littafi sai shugaban gida, ya tafi gari, sai jibi. Ga gatari can bayan kicin."

Haka Tudose ya yi kwana uku yana faskare. Abinci wake ne da rana, wake da yamma, ranar Juma'a kuma wake ba mai. Ana buga katako a kira mutane addu'a, ya bi 'yan zuhudu ya tsaya awa huɗu a coci babu kujera, yana sauya ƙafa. Ranar farko zagin Aglaia kawai yake yi a zuci. Rana ta biyu ya lura cewa in an zo wani wuri a waƙar, bakinsa yana motsi da kansa, don abin da Frusina take rerawa ne in tana wanke-wanke. Shekara arba'in ya ɗauka waƙar gargajiya ce. Ya fita waje ya ce hayaƙin turare ne ya shiga masa ido.

Rana ta uku shugaban gida ya dawo, ya duba littafi, ya ce Tudose huɗu ne, shi ma ba zai taɓa ko ɗaya ba. Tudose ya ɗaura bel zai tafi, sai ya ga ya yi masa yawa, sai da ya ƙara matse shi da rami guda. Hankalinsa ya tashi. Bai ga laifin wake da gatari ba, takarda kawai ya gani.

Gida na uku sabo ne, a bakin babban titi, bangonsa fari tas. Ɗan zuhudun da ke teburin sunaye, Fada Calinic, injiniya ne kafin ya bar duniya, kuma bai bar ta gaba ɗaya ba, don ya taho da kwamfutarsa. Bai ma bari Tudose ya gama bayani ba.

"Wace rana suka zo? Bas ɗin Vartopi? An samu." Tudose bayan na'urar kawai yake gani, da gemun Fada yana motsi. "Tudose, sunan ƙarshe a takardar. Kai ne? Tabɗi. Mutanenmu da camfi!" Ya danna wani abu. "An goge. Barka da dawowa."

"Shi ke nan?"

"Me kake so, a buga maka ƙararrawa? Na gaba!"

Tudose ya fito yana jin iska na shiga ƙirjinsa har ƙasa. Ya ci tsiren nama biyar da burodi a bakin titi, ya taɓa wuya ya ji kamar ya ɗan ciko. Kashi ɗaya cikin huɗu na jikinsa dai ya dawo duniya. Amma daɗin bai kai shi ko'ina ba, domin yanzu ya tabbata Aglaia ba ƙarya ta yi ba. Frusina ta rubuta shi. Ya yi tafiyar awa biyu yana faɗa da kujerar da ke gefensa.

"Da kin zage ni ai ya fi. Da kin fasa min kai da tukunya. Kina ba ni miya da hannu ɗaya, ɗayan yana rubuta ni a kabari? Haba Frusina!"

Gida na huɗu na mata ne, ƙarami, a ƙarshen wata hanyar da ya tsana tun yana tuƙa bas. Mai karɓar takardu wata tsohuwa ce guntuwa, Uwa Serafima, tana zaune tana ɓare wake a cinya. Ganin waken ma sai da gabansa ya faɗi. Ya fara karatun da ya riga ya haddace, yana cewa "Tudose" sai ta ajiye kwanon.

"Kai ne direban?"

"Ni ne, Uwa."

"Wanda bai iya dafa ƙwai ba?"

Ta dube shi, ta dubi bayansa kamar tana neman wani, sannan ta yi alamar gicciye. "Ta tafi kenan."

"Yau kwana arba'in da bakwai."

Uwa Serafima ta ja aljihun tebur, ta tono ƙarƙashin zare da ashana, ta fito da takarda a ninke ta shimfiɗa a gabansa. Rubutun Frusina ne, mai karkata kamar zai faɗi. Gicciye a sama. Iyayenta, iyayensa, ƙanensa da ya nutse a kogi. Can ƙasa suna biyu a layi ɗaya, ta matse su don wuri ya ƙare: Frusina, Tudose.

"Ni nakan tambaya," in ji tsohuwar. "Mazan can ba sa tambaya, karɓa kawai suke yi. Na ce mata, waɗannan biyun na ƙasa yaushe suka rasu? Ta ce ɗaya ga ta a gabanki, likita ya ce ba za ta ga hunturu ba. Ɗayan yana gida, lafiyarsa lau kamar doki. Na ce baiwar Allah, kin san abin da kike yi? Ta ce ta sani. Ta ce, Uwa, ba mu da ɗa ba mu da jika. In na mutu shi ba zai rubuta ni ba, ba don mugunta ba, bai san ta wace ƙofa ake shiga ba. In shi ya mutu kuma babu wanda ya rage da zai rubuta shi. Gara in rubuta mu yanzu da hannuna, addu'ar ta riga shi can ta jira shi."

Tudose ya sunkuya kan takardar. Yatsansa yana kan layin.

"Na ce mata ni ba zan karanta mai rai ba, zan ajiye har lokaci ya yi. Ta yi ta faɗa da ni, kai ka santa. Wai in na raba ku za ka ɓace a hanya, don ko a duniya sai tana gefenka tana cewa dama, hagu."

"Ƙarya take yi," in ji Tudose. "Ni na san hanya. Ita ce ba ta sani ba." Sai ya zauna a kan buhun wake ya yi kuka, irin kukan da bai yi a maƙabarta ba. Uwa Serafima ta bar shi, ta ci gaba da ɓare wakenta.

Da ya lafa ta ɗauki alƙalami. "Nata ya yi, gobe zan fara karantawa. Naka bai yi ba. In soke?"

Ya dafe takardar da hannu biyu. "Kada ki taɓa."

"To ya zan yi? Zunubi ne."

"Ki karanta nata. In kin zo nawa ki yi tari."

Tsohuwar ta auna maganar. "Tari kam ina da shi," ta ce, ta mayar da alƙalamin.

Yana isa mota ya tsaya cak da makulli a hannu. Gidan bakin titi! Can ya sa an goge shi, har ya ci tsire a kai. Ya juya mota, ya taka ta yadda bai taɓa taka bas ba.

Fada Calinic ya gane shi. "A'a, mai tashi daga matattu! Me aka manta?"

"A mayar da ni."

"Ina?"

"Inda nake. Kusa da matata."

Fada ya saurari labarin duka, har ya cire tabarau ya goge. Amma ya girgiza kai. "Baba, da farko ba da sanina na rubuta ba. Yanzu na sani. Ba zan sa mai rai cikin matattu ina kallonsa yana numfashi ba, ko babbanmu bishop ne ya ce."

"Ita kaɗai ce a layin, Fada."

"Na gani. Ranar da ka mutu, ni da kaina zan mayar da kai, na yi alkawari."

"Wa zai zo ya gaya maka na mutu?"

Fada Calinic ya mayar da tabaransa.

"To zan jira a nan," in ji Tudose. "Ka gani da idonka."

Yau shekara uku kenan. Ya bar wa Aglaia kajin, ita kuma ta baza a ƙauye cewa ya haukace, kuma ba za a ce duka ƙarya ba ne. An ba shi ɗaki kusa da ƙofa. Bai zama ɗan zuhudu ba, ya ce gemu yana sa shi ƙaiƙayi. Aikinsa jera bas-bas da zagin direbobin zamani, kuma ya yi ƙiba har bel ya koma raminsa na da, abin da ya ɗan ba shi haushi.

Duk Asabar da safe ake karanta sunayen matattu a fili. Yakan bar bas ko da rabinta na kan titi, ya shiga ya tsaya daga baya da hula a hannu. Sunaye ne ɗaruruwa, Fada Calinic yana zuba su da sauri kamar mai gudun ruwan sama. Amma akwai wurin da yake rage gudu. Yakan ce "Frusina," sai ya tsaya ya ja numfashi, ya dubi rufi kamar ba ruwansa. Daga can baya, cikin muryar da ta saba yi wa fasinja tsawa, sai a ji an ce, "Da Tudose."